Batirin Kunnen Nidar

Injin goge kwakwa ne ya cinye kunnuwan Yusnidar, wadda ake kira Nidar. Fiye da rabin rayuwarta ta yi tana tsaye a kansa a layin 'yan kayan miya na kasuwar Payakumbuh, tun daga sanyin safiya har rana ta take, tana danna ɓarin kwakwa a bakin ƙarfen da ke juyawa, farin tsaki na zuba a daro, injin na ihu kamar ana yanka shi. Kowa a layin da ƙarfi yake magana, don haka ba ta san lokacin da abin ya fara ba. Sai da gwiwoyi suka gaza ta bar rumfar ta koma gida, sannan ta lura cewa an kashe injin amma muryoyin mutane ba su dawo ba.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda ɗaya, Afrizal, yana aiki a Batam, can tsallaken ruwa, da matarsa da 'ya'yansa. Gidan na gado ne, na katako a kan turaku, mai ɗakuna da yawa, kuma ita kaɗai ce a ciki sai kaji a ƙarƙashinsa. Mutanen unguwa ba su ƙi ta ba. Gajiya suka yi da maimaita magana sau uku, sai suka koma ɗaga mata hannu daga nesa. Mai kifi yakan nuna mata farashi da yatsu. Maƙwabciyarta Rohani takan leƙo ta katanga ta yi alamar cin abinci da hannu, wato an tashi lafiya ke nan. A wajen karatun mata na masallaci kuwa gaba take zama tana kallon bakin malama, in an ɗaga hannu ta ɗaga, in an shafa ta shafa.

Ta koyi dabarun zama cikin mutane. Murmushi, gyaɗa kai, "haka ne," "Alhamdulillahi." In ta ga haƙora a waje sai ta yi dariya. Yawanci tana dacewa.

Ranar da ba ta dace ba, da ƙawarta Darmailis ne, wadda take kira Lis.

Lis ce mai sayar da niƙaƙƙen barkono a rumfar da ke jikin tata. Tare suka tsufa a layin, suna cin abinci a kwano ɗaya, suna gulmar duk wanda ya gifta. Da Lis ta bar kasuwa sai 'yarta ta ɗauke ta zuwa Pekanbaru, ba ta zuwa gida sai da salla. A wannan ƙaramar sallar ta zo, suka zauna a barandar Nidar da farantin soyayyar ayaba a tsakaninsu. Can Lis ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya, ta taɓa wuyanta da yatsu biyu, gefen bakinta ya ɗan karkace. Nidar ta san wannan karkacewar. Haka Lis take yi in za ta kawo labarin wata da ta sayo sarƙar jabu tana yanga da ita. Sai Nidar ta fashe da dariya, ta kai mata duka a cinya.

"Kai, Lis! Ke dai ba za ki canza ba!"

Lis ta daɗe tana kallonta. Sannan ita ma ta yi 'yar dariya, ta ɗauki ayaba ta jujjuya ta a hannu, ta mayar faranti. Ba ta jima ba ta yi sallama.

Sai bayan an watse daga hidimar salla, wata 'yar'uwar Lis ta tare Nidar a ƙofar masallaci, ta kafa baki a kunnenta ta kwarma, tana kiranta Uni, wato Yaya: "Uni Nidar, kin ji abin da ya sami ƙawarki ko? Ciwon daji ne, a maƙogwaro. Ta ce ai ta gaya miki!"

Nidar ba ta san yadda ta kai gida ba. Ta zauna a inda suka zauna ran nan, tana maimaita abin a ranta: yatsun a wuya, bakin, dariyar, dukan cinyar. Ta ɗauko waya ta fara rubuta saƙo da yatsa ɗaya, ta goge. Me za ta rubuta? Wannan ba maganar rubutu ba ce, kira kuwa ba ta ji.

Akwai wata 'yar na'urar kunne da Afrizal ya taɓa saya mata ta intanet, mai araha. Ranar da ta gwada ta, fito ta riƙa yi mata cikin ƙwaƙwalwa, ƙarar cokali ta zama kamar an jefar da tukunya, magana kuwa ta zama kamar ana yi cikin bokiti. Tun ran nan take kwance cikin aljihun tebur. Wannan karon Nidar ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta cire ɗan awarwaron zinariyar da ya rage mata, ta kai wa mai sayen gwal, washegari ta hau motar Bukittinggi, garin da ke da shagon na'urorin kunne.

Shagon na saman bene ne, kusa da wani mai sayar da tabarau. Mai shagon, wani mai sanƙo da ake kira Erizon, ya ajiye ɗan allo da alƙalami don irinta. Ya rubuta: *Sai mun auna tukuna.* Ya zaunar da ita, ya kifa mata wani abu a kunnuwa, ya nuna mata ta ɗaga hannu duk lokacin da ta ji ƙara. Nidar ta zuba wa yatsansa ido, da ta ga ya danna sai ta ɗaga hannu. Bayan ɗan lokaci mutumin ya tsaya, ya dube ta ta saman tabarau, ya tashi ya juya kujerarta ta fuskanci bango. Daga nan hannunta bai cika tashi ba.

Kunnen hagu ya kusa mutuwa, na dama da sauransa. Erizon ya jero mata kaya a kan tebur. Akwai wata 'yar mitsitsiya mai shigewa cikin kunne ba a ganinta. Da ya rubuta kuɗinta sai Nidar ta ture ta da bayan hannu kamar garwashi. Akwai masu caji, guda biyu cikin ɗan akwati. Akwai kuma wata mai ɗan kauri, launin fata, da ake ratayawa a bayan kunne. Ita ya ɗauka, ya murɗa wani abu, ya saƙala mata a kunnen dama. Sai ya koma ya zauna, ya ce da murya irin ta kullum, ba ihu:

"Uni, kin karya kuwa kafin ki fito?"

Nidar ta dafe gefen tebur. Ta manta rabon da wani ya yi mata magana haka, a hankali, kamar mutum.

"Na sha shayi," in ji ta, sai ta firgita da jin muryarta. "Wayyo! Haka nake ihu?"

"Har mai tabarau ya ji kin sha shayi."

Suka yi ta jan magana. Ya ce biyu sun fi ɗaya, don mai kunne ɗaya ba ya gane ta ina murya ta fito. Ta ce a gidanta ba a yi yawan da za ta ruɗe ba. Ya ce mai caji ta fi sauƙi ga masu yatsu irin nata, amma in batirin cikinta ya gaji bayan wasu shekaru sai an aika da ita can nesa a gyara. Ta ce ba ta son abin da za a ɗauke mata a tafi da shi. Ta zaɓi mai kaurin, guda ɗaya, ta kunnen dama.

"To ga abincinta," in ji Erizon. Ya ɗauko wani ɗan kati mai zagaye, da batura jere a ciki, kowanne bai kai maɓallin riga ba, da 'yar takarda ruwan goro manne a bayansa. "Ki riƙe launin nan, Uni. In za ki saya ki ce mai ruwan goro, kada a ba ki wani. Wannan takardar ita ce ransa. Muddin tana manne, barci yake. Kin ɓare ta, iska ta shiga, ya fara tafiya ke nan. Ko kin yi amfani da shi ko ba ki yi ba, sai ya ƙare."

"In na mayar da takardar fa?"

"Kowa sai ya yi wannan tambayar. Ba ya komawa barci."

"Zai kai wata?"

"Sati, ko ya ɗan ɗara in kina lallaɓa shi. In za ki kwanta ki buɗe masa 'yar ƙofarsa ya sha iska. Kada ki yi wanka da ita, kada ki bar ta kusa da tururin tukunya. Kuma in kin ɓare, ki ɗan jira kafin ki sa. Tsohon batir kada ki yar a tsakar gida, kaza za ta haɗiye, ko jika."

"Jikan da ke Batam?" in ji Nidar. "Sai dai kazar."

Batirin farko a kan gidan ya ƙare. Ashe ƙofar ɗakin girki kuka take yi. Ashe silifas ɗinta jan ƙasa suke, kamar na tsohuwar da take yi wa dariya a da. Ta ji ɗigar famfo, ta ji ƙadangare a rufi, ta ji numfashinta. Da ruwa ya sauko a kan kwano sai da ta rage ƙarar. Ta zauna a baranda da mayafinta a kan na'urar tana jiran mutane. Mai kifi ya zo ya ɗaga yatsu uku.

"Faɗa da baki," in ji ta. "Ina ji yanzu."

"TO, MADALLA!" ya kwarma mata, har sai da ta runtse ido. Ya sake ɗaga yatsun, ya karɓi kuɗinsa, ya wuce.

Ranar Lahadi Afrizal ya kira ta bidiyo kamar yadda ya saba. Ya ɗago yaran ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga mata hannu, shi ma ya ɗaga babban yatsa yana shirin kashewa.

"Zal, tsaya. Na sayi abin kunne. Ina jin ka."

"Da gaske, Amak?" in ji shi, wato Mama. "Alhamdulillahi! Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ga shi na gaya maka. Yi magana mana."

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. Ya tambaye ta gwiwa, ta ce da sauƙi. Ya tambaye ta kaji. Daga nan suka tsaya suna kallon juna. Ta ji matarsa daga can ciki tana cewa gas ya ƙare, ta ji ƙaramin yana kuka a kan wani abin wasa.

"Amak, bari in duba yaron nan. Zan sake kira."

Ba ta ga laifinsa ba. Shekaru sun yi yawa yana gaishe ta da hannu, maganar ta bushe masa a baki.

Da batiri na biyu ya ƙare a kan kukan ƙofa da ɗigar famfo, sai ta ga asara ce. Ta goge na'urar ta sa a gwangwaninta, ta koma cikin shirunta. Dama ba don kaji ta saya ba. An sa bikin wata jikar dangin su Lis bayan wata guda, kuma an ce Lis za ta zo. Nidar ta riƙa ɗauko katin tana duba sauran baturan, ta mayar.

Ranar bikin tun da safe ta ɓare takarda. Ta jira kamar yadda aka ce, ta sa, ta ɗaura mayafinta mai kyau. A gidan bikin an kafa manyan lasifika, kiɗan ya riƙa sukar kunnenta kamar allura, amma ba ta cire ba. Ta zauna inda za ta ga duk motar da ta tsaya. Aka ci, aka sha, aka ɗauki hotuna. Rana ta karkata sannan 'yar'uwar nan ta Lis ta zo ta buɗe baki za ta kwarma.

"A hankali," in ji Nidar.

"Au. To, Uni, ba ta samu zuwa ba. Jikin ya ƙi. Likita ya ce hanya za ta wahalar da ita."

Nidar ta koma gida a ƙafa, tana jin takunta. Ta zauna a bakin gado ta kai hannu bayan kunne. Abin yana nan yana tafiya, kuma ba mai tsayar da shi. Ta ce a ranta, to in ita ba za ta zo ba, ai hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce.

Sai dai tafiyar ba ta yiwu da wuri ba. An yi ruwa mai yawa, ƙasa ta zaftaro ta toshe hanyar kan dutse, aka yi kwanaki ana kwashewa. Da aka buɗe, ta bar wa Rohani kaji, ta sayi soyayyen rogo mai barkono na tsaraba ga yaran gidan, ta sami kujera a wata ƙaramar mota. Batiri ɗaya ta yanko daga katin ta ƙulle a gefen hankici. Sauran ta bar su a gida, kada jaka ta ɓata a yi asarar duka.

Suna cikin kwane-kwanen dutse ta ji ƙaramar ƙara a kunnenta, *tit, tit*, alamar ya kusa. Ta so ta bari sai an tsaya, amma tsoro ya kama ta kada direba ya tambaye ta inda za ta sauka ta kasa ji. Ta kwance hankicin a cinya, ta fito da sabon, ta ɓare takardar da farce. Tana riƙe da shi tsakanin yatsu biyu tana jira, motar ta sha kwana, matar da ke kusa da ita ta faɗo mata a kafaɗa. Da ta duba, takardar ce kawai a yatsanta.

"Direba, tsaya! Abu na ya faɗi!"

"A nan, Etek?" in ji direban, wato Gwaggo. "Sai dai mu faɗa rami gaba ɗaya. Bari mu kai wajen cin abinci."

A wajen cin abincin fasinjoji suka taya ta. Aka ɗaga shimfiɗun ƙasa, aka haska da waya ƙarƙashin kujeru. Aka sami kwabbai, ɓawon gyaɗa, da murfin biro. Direban na cikin ba ta haƙuri muryarsa ta yanke a tsakiyar kalma, bakinsa ya ci gaba da motsi. Haka ta shiga Pekanbaru.

Fitra, 'yar Lis, ita ta buɗe ƙofa. Ta rungume ta, ta ja hannunta zuwa wani ɗaki na baya mai taga ɗaya. Lis na jingine da matasai. Ta zube har Nidar ta ga ƙasusuwan da ba ta san tana da su ba, an naɗe wuyanta da farin ƙyalle, amma idanun na nan yadda suke. Ta ɗago hannu, leɓunanta suka motsa.

Nidar ta ji murmushin nan na kullum yana zuwa, kanta na shirin gyaɗawa. Ta hana su.

"Ban ji ba, Lis," ta ce. "Ban ji ko ɗaya ba. Na sayo abin ji saboda ke, batirin ya faɗi a mota."

Kafaɗun Lis suka fara girgiza. Dariya take yi, ba sauti, har hawaye, tana dafe da wuya.

Fitra ta karɓi 'yar takardar mai ruwan goro ta hau babur. Ta daɗe, sannan ta dawo da batirin agogo daga wajen mai gyara. Girmansu kusan ɗaya, amma 'yar ƙofar na'urar ta ƙi rufuwa, Nidar kuma ta ƙi yarda a danna. Fitra ta rubuta mata a waya cewa shagon da ke da irinsa ya rufe, sai gobe.

Suka wuni haka. Nidar ta nemi man shafawa ta murza wa Lis ƙafafu. Ta taje mata ɗan gashin da ya rage. Ta ga yadda Fitra ke ba ta ruwan shinkafa da cokali, da yadda kowane haɗiya yake zama aiki. Wani lokaci Lis ta manta ta fara magana, sai Nidar ta girgiza kai ta nuna kunne, Lis ta harare ta ta yi shiru. Da yamma suka zauna suna kallon katangar maƙwabta ta taga, hannun ɗaya a kan na ɗaya.

Washegari da hantsi Fitra ta shigo da kati cikakke. Nidar ta shimfiɗa tawul a cinya don kada a maimaita, ta ɓare, ta ajiye batirin a kai. Lis ta yi mata alama da hannu: sa mana. Nidar ta ce sai ya sha iska. Lis ta ɗaga ido sama. Da ta sa, ta ƙara ƙarar har ƙarshe, ta kawo kunnen dama daf da bakin Lis.

Muryar ta zama kamar ana jan tsintsiya a kan siminti.

"Har yanzu warin kwakwa kike."

"Ke kuma bakinki bai mutu ba."

"Shi kaɗai ya rage."

"Lis, ran nan a baranda..."

"Na san ba ki ji ba, kurma." Ta tsaya ta huta. "Na so in maimaita. Sai na ga ni ma ba na son in sake ji."

Ba su ƙara komawa kan maganar ba. Lis ba ta iya dogon zance, jimla biyu sai ta rufe ido, don haka ta ce Nidar ta ba ta labarin kasuwa. Wa ke rumfarta yanzu? Wani yaro mai sayar da kwalin waya. Mai naman nan da ke taɓa sikeli da ɗan yatsa? Ya je hajji, ya dawo, yatsan na nan. Lis ta riƙa sa baki da kalma ɗaya ɗaya, kowacce da yajinta. Nidar ta yi kwanaki a gidan, tana kwana a tabarma kusa da gadon.

Wata safiya da Fitra ta fita sayen magani, Lis ta ja ta da gefen riga.

"Nidar. Kada su binne ni a nan."

"Haba, wace irin magana..."

"Kar ki zama kamar su." Ta yi tari, ta daɗe kafin ta ci gaba. "Duk lokacin da na fara, Fitra sai ta ce, Amak za ki warke, ta fita. Ban san kowa a garin nan ba. Gida nake so. Kusa da mahaifiyata, bayan ƙaramin masallaci."

"Na ji," in ji Nidar.

"Kin ji, ko kin gyaɗa?"

"Bayan ƙaramin masallaci, kusa da mahaifiyarki."

Ranar da za ta tafi ta sami Fitra a ɗakin girki ta gaya mata. Fitra ta fara cewa, "Etek, don Allah a bar..." Nidar ta riƙe mata hannu ta maimaita maganar kalma da kalma, yadda aka ba ta. Fitra ta kifa kai a jikin kabad ta yi kuka, sannan ta ce to.

Lis ba ta kai babbar salla ba. Aka kawo ta gida a motar asibiti ta wannan hanyar ta kan dutse, aka binne ta inda ta ce. Nidar na cikin matan da suka yi mata wanka. Da aka yi kwanakin zaman makoki aka watse, Fitra ta koma Pekanbaru, unguwa ta koma yadda take.

Nidar ba ta mayar da na'urar gwangwani ba. Ba don tana jiran wani ba. Ta dai saba. In ɗaya ya ƙare sai ta jefa shi cikin wata tsohuwar kwalbar magani ta ɓare wani, in kati ya kusa ƙarewa ta hau motar Bukittinggi. Erizon yakan goge mata bututun, ya tambaye ta ko ta karya.

Wata rana da la'asar ta fito ta tarar da akuyar Rohani ta tsallako ta cinye mata ganyen rogon da ta shuka a bayan gida, har da 'yan barkonon da suka fara fure. Ta kamo akuyar da igiya ta ja ta har bakin katanga, ta yi ta faɗa. Rohani ta fito ta karɓi igiyar, tana murmushi tana haɗa hannu alamar ban haƙuri. Da ta juya baya sai ta ce, ba da ƙarfi ba, irin yadda mutum ke magana a gaban bango:

"Tsohuwa sai baƙin rai. Shi ya sa ɗan ma ya ƙi dawowa."

Nidar ta tsaya da guntun ganye a hannu.

"Na ji, Rohani."

Rohani ta daskare. Ba ta juyo ba, ta ja akuyarta ta shige.

Nidar ta koma ta gyara abin da zai gyaru. Ta kafa karare, ta ɗaure shukokin da suka karye. Maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta yi tunanin sau nawa aka faɗi irinta a gabanta tana murmushi tana cewa haka ne.

Kafin magariba Rohani ta shigo da kwanon miyar kifi a rufe. Ba ta hau barandar ba, ta zauna a matakala ta biyu, ta ajiye kwanon a ta sama.

"Uni, bakina ne. Ki yafe."

"Ya wuce."

Rohani ta ce da alama za a yi ruwa. Nidar ta ce da alama. Rohani ta ce gobe za ta sa mijinta ya gyara katangar. Ta ɗan ƙara zama, tana murza gefen zaninta, sannan ta ce ta bar tukunya a wuta.

Nidar ta zauna da kwanon a gefenta, ba ta buɗe ba. Can ƙasan hanya, wajen gonakin shinkafa, wata mata ta fito tana kiran 'ya'yanta su shigo gida. Ba ta gane ta wane gida ba ce, kunne ɗaya ba ya nuna wuri. Sunayen dai suna isowa sarai, ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen an fi jan shi, da alama shi ne mai taurin kai. Matar ta kira shi, ta sake kira, har da barazanar bulala. Nidar ta saurara har yaron ya amsa.